Katinka ya yi ƙarfi, jarinsa kaɗan ne: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tambayoyin nan sun ishe ni, don haka bari in amsa su gaba ɗaya in huta. Maganar foka ce ta intanet, Texas Hold'em, a teburan ƙananan kuɗi: cacar kati ce da ake ba kowa kati biyu a hannu, sannan a buɗe biyar na kowa da kowa a kan tebur, uku da farko, sai na huɗu, sai na biyar. Manyan kati su ne A, K, Q, J a jere daga sama, kuma AA na nufin tagwayen A a hannunka. Duk lissafina da babban tilas ne, wato babba a cikin zubi biyu da ake sakawa dole kafin a raba kati; ƙaramin rabinsa ne.

Wane ne mai ƙaramin jari?

Wanda ya zauna da tilas 40 ko ƙasa da haka. Cikakken jari yawanci 100 ne. Kuma tulin da ke gabanka bai shiga lissafi ba: in kana da 150 shi yana da 25, to wasan 25 kuke yi.

An ba ni AA. In yi lamo in ja shi ciki?

A'a. Ɗaga kuɗi. AA sau ɗaya take zuwa a rabo 221, kai kuma kana so ka bar mutum huɗu su ga kati da araha? A ƙananan tebura mutane ba sa son ajiye kati, ko ba tarko za su biyo ka.

Na zuba duka da AA, ya bi da 8 da 7 ya cinye ni. Ba maguɗi ba ne?

Sha ruwa, malam. In 8 da 7 ɗin alamarsu iri ɗaya ce, suna kayar da AA fiye da sau ɗaya cikin biyar. Ko KK tana yin sa'a kusan sau 18 cikin 100. Ka yi daidai, ka faɗi, shi ke nan. Gobe ya sake bin ka da wannan tarkacen, maraba za ka yi da shi.

Ina da JJ, na ɗaga zuwa 3, mai jarin 25 ya turo duka. In bi?

Wannan ce tambayar kirki, kuma ba ta da amsa ɗaya. Mu fara da lissafi. Ka riga ka saka 3, saura 22. In masu tilas biyu sun janye, abin da zai taru a tsakiya 51 da rabi ne, wato 25 ɗinka, 25 ɗinsa, da 1 da rabi na tilas. Raba 22 da wannan, ka ga sai kana cin kusan kashi 43 cikin 100 kafin ka fita ba riba ba asara. Sannan masu shafin suna yankar kamashonsu, sau da yawa wajen kashi 5, sai abin ya haura zuwa kusan 45. Mutane suna mantawa da kamashon nan, alhali a ƙananan tebura shi ne ƙudan da ke shan miyar.

Yanzu sai ka dubi mutumin. In irin wanda ya yi zagaye biyar bai taɓa kati ba ne, kwatsam ya turo duka, to ka ɗauka AA, KK, QQ ko AK ke hannunsa. Gaban manyan tagwayen nan uku, JJ ɗinka ba ta kai kashi 20 ba. Gaban AK tana da wajen 56. In aka haɗa duka, kusan 36 ne. Ajiye, ko da ranka bai so ba.

Amma in ka ga yana turawa da 9 biyu, 10 biyu ko AQ, to ka koma wajen kashi 50, sai ka bi ba tare da dogon tunani ba. Matsalar ita ce masu ƙaramin jari kala biyu ne, kuma daga nesa kamanninsu ɗaya. Akwai wanda ya shigo da kuɗi kaɗan da gangan, yana da jadawalin katin da zai tura da shi. Akwai wanda aka cinye masa rabin jari, ransa ya ɓaci, yana neman ramuwa. Alamar da nake dubawa: wanda jarinsa ya tsaya a adadi barkatai, kamar 23 da ɗigo wani abu, bai kuma cike shi ba, yawanci na biyun ne. Na ce yawanci, kada ka zo ka kama ni. Wurin zama ma yana da tasiri: in daga kujerar ƙarshe ka ɗaga, wato bayan kusan kowa ya riga ka wasa, ya san kana ɗagawa da kati iri-iri, shi ma zai turo da abin da bai kai ya kawo ba. In daga kujerar farko ce, turowarsa ta fi nauyi. Baƙon da ban taɓa gani ba, a tebur mai mutum shida, ni dai ina bi. A tebur mai mutum tara, in na ɗaga da wuri, nakan ajiye.

In AK ce a hannuna ya turo duka fa?

Bi. Riƙe A da K da ka yi ya rage hanyoyin da zai samu AA daga 6 zuwa 3, haka ma KK. Gaban AQ kana da wajen kashi 74.

Ina da KK, ya bi, an buɗe kati uku duk ƙanana. Yaya zan yi?

Haba! Me kake jira? Mu ce jarinsa 30, ya bi 3, saura 27, tsakiya akwai 7 da rabi. Saka 5. In ya bi, tsakiya ta zama 17 da rabi, saura masa 22, sai ka tura a kati na huɗu. Jari in ya yi gajarta haka, ba a ajiye tagwayen da suka fi duk abin da ke kan tebur.

Tagwayen 4 ko 5 ma ai kati ne mai ƙarfi?

Ba gaban mai jarin 20 ba. Na ukunsu, wanda shi kake nema, yana fitowa a buɗin kati ukun farko kusan sau 12 ne kawai cikin 100. Ka biya 3 sau takwas, ranar da ta faɗo kuma ka tarar 17 ne ya rage masa, shi ma ba lalle ya ba ka ba. Ajiye su ka jira mai cikakken jari.

To in na bi duk wannan zan riƙa ci kullum?

Wa ya faɗa maka? Caca ce. Kana iya yin daidai sau goma a jere ka tashi hannu rabbana. Kuɗin da za ka yi kuka in ya tafi, kada ya hau tebur.