Mafakar Dawakin Daji da Renon Marayun Dukusai a Amurka

Mafakar dawakin daji wuri ne da ake karɓar dawakin da suka tashi a sake cikin jeji, bayan an kama su, ko sun ji rauni, ko an kuɓutar da su daga hanyar mayanka. A nan ake ciyar da su, a yi musu magani, sannan ko dai a nema musu mai riƙo ko a bar su su ƙare rayuwarsu a fili mai faɗi. Mafi wuyar aikin irin wannan wuri shi ne renon dukushin da ya rabu da uwarsa tun yana shan nono. Aikin ya fi ƙarfi a yammacin Amurka, inda dubban dawakin da ake kira mustang suke yawo a filayen gwamnati, kusan rabinsu a jihar Nevada kaɗai.

Asalin dawakin da dokar da ta kare su

Doki ya taɓa rayuwa a Amurka ta Arewa, ya kuma ɓace daga can kimanin shekaru 10,000 da suka wuce. Mutanen Sifen ne suka dawo da shi. Hernán Cortés ya sauka da dawakai a gaɓar Meziko a 1519. Waɗanda suka kuɓuce ko aka sake su suka hayayyafa, daga baya suka gauraya da dawakin manoma, na makiyaya da na sojoji. Saboda haka mustang jikan dokin gida ne da ya koma jeji.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ana farautar su da motoci da jiragen sama, ana sayar da naman ga masu yin abincin karnuka. A 1950 wata mata 'yar Nevada, Velma Johnston, ta bi bayan wata babbar mota da jini ke ɗiga daga cikinta, ta tarar dawakin jeji ne aka cusa za a kai mayanka. Daga ranar ta duƙufa. Fafutukarta ta haifar da dokar 1959 da ta hana farautar su da mota ko jirgi a filayen gwamnati, sannan da babbar dokar da Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu a Disambar 1971, wadda ta ɗora kula da dawaki da jakunan jeji a kan Hukumar Kula da Filayen Gwamnati, wato BLM, da hukumar gandun daji ta ƙasar. 'Yan makaranta sun yi ta aika wa majalisa wasiƙu kafin a kai ga hakan.

Inda dawakin mafaka suke fitowa

Dokar ta tsayar da kisa, sai wata matsala ta taso. Garken dawakin jeji kan ƙaru da kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a shekara, wato yana iya ninkuwa cikin shekaru huɗu ko biyar. A 2024 BLM ta ce filayen ba za su ɗauki dawakai da jakuna fiye da kimanin 27,000 ba, alhali ƙiyasinta na shekarar ya haura 73,000. Masu kare dawakin suna jayayya da adadin farko, suna cewa shanu da tumakin da ake kiwo a filayen sun fi dawakin cin ciyawa nesa ba kusa ba. Makiyaya kuma suna nuna maɓuɓɓugan ruwa da aka tattake. Gardamar ba ta ƙare ba.

Abin da hukumar take yi shi ne kamu. Tun 1976 doka ta ba ta damar amfani da jirgi mai saukar ungulu, wanda ke koro garke tafiyar kilomitoci zuwa cikin shinge mai bakin mazurari. Daga nan sai a ware ingarmu daban, goɗiyoyi daban, a kai su sansanoni irin na Palomino Valley da ke arewa da birnin Reno a Nevada. Ana yi wa kowane doki tambari da ƙarfe mai tsananin sanyi a gefen hagu na wuya, gashin wurin ya fito fari, ya zama lambarsa har mutuwa. Yanzu sama da dawakai da jakuna 60,000 ne ke tsare a sansanoni da makiyayun haya, kuma ciyar da su na cin fiye da dala miliyan 100 a shekara.

Akwai tsarin riƙo: mutum ya ɗauki doki, in ya shekara yana kula da shi yadda ya kamata a ba shi takardar mallaka. Amma da zarar takardar ta fito, kariyar gwamnati ta ƙare. Wani gyaran doka na 2004 ya kuma ba da damar sayar da dokin da ya haura shekara 10, ko wanda aka tallata sau uku ba a samu mai so ba. An rufe mayankar dawakai ta ƙarshe a Amurka a 2007, amma ana ci gaba da kwasar dawakai zuwa Meziko da Kanada. Shi ya sa ma'aikatan mafaka suke zarya a kasuwannin gwanjo suna duba wuyan dawakai, ko za su ga farin tambarin nan.

Marayu kuwa ta hanyoyi da dama suke zuwa. Wani ya kasa bin gudun garke lokacin kamu, aka bar shi a baya. Wani mota ce ta kaɗe uwarsa, abin da ke yawan faruwa a tsaunukan Virginia kusa da Reno, inda unguwanni suka ci cikin makiyaya. Wani fari ne ya ƙafar da nonon uwar, wani kuma goɗiya ce mai haihuwar fari ta ƙi shi.

Awoyin farko na maraya

Goɗiya na ɗaukar ciki kimanin wata 11. Lafiyayyen dukushi yakan miƙe tsaye cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin awa biyu. Tambayar farko da mai reno yake yi idan aka kawo masa jariri ita ce: ya sha dakashi? Dukushi ana haifuwarsa ne ba shi da garkuwar jiki, domin mahaifar goɗiya ba ta barin ƙwayoyin kariya su ratsa zuwa gare shi. Duk kariyarsa tana cikin wannan nonon farko mai kauri da yauƙi. Hanjinsa yana tsotse ta sosai a awoyi 6 zuwa 12 na farko, zuwa awa 24 kuma ƙofar ta rufe. In lokaci ya wuce, likitan dabbobi yakan auna jini, in ya ga kariyar ta yi ƙasa ya ƙara masa ruwan jinin wani doki ta jijiya. Abu ne mai tsada, amma ba tare da shi ba ƙaramin ciwon cibiya kan shiga jini, ya sauka a gwiwoyi, ya kashe dukushin cikin kwanaki. Mafakar da ta san aikinta takan ajiye dakashi a firji yana daskare don irin wannan rana.

Sai maganar madara. Dukushi a makonsa na farko yana tsotso sau da yawa cikin awa guda, kaɗan-kaɗan, kuma a yini yakan sha abin da ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na nauyinsa. Mai kilo 50 ke nan yana buƙatar lita 10 zuwa 12. Ba mai iya kwaikwayon uwa daidai, amma ana ƙoƙarin ba shi duk awa ɗaya ko biyu, dare da rana, har ya yi ƙwari. Nonon goɗiya ya fi na saniya ƙarancin maiƙo da yawan zaƙi, don haka madarar shanu tsagwaronta takan jawo zawo. Ana amfani da garin madarar da aka haɗa musamman don dukusai. In babu, nonon akuya ya fi dacewa da cikinsu.

Yadda ake ba shi ma yana da hatsari. In aka ɗaga kan dukushi sama da kwalba, ko ramin nonon roba ya yi faɗi, madara kan zarce huhu ta zama ciwon da ke kisa. Shi ya sa masu reno suke gaggawar koya masa sha daga bokiti. Mai reno yakan tsoma yatsu cikin madara mai ɗumi, ya bar dukushin ya kama su yana tsotsa, sannan ya riƙa sauke hannun a hankali har leɓen ya taɓa madarar. Sau da yawa sai ya zabura ya yi atishawa, hancin duk fari, a sake daga farko. Dukushi mai jin yunwa yakan gane cikin yini ɗaya ko biyu.

Abin da madara ba ta bayarwa

Nan ne masu tausayi da yawa suke ɓata aikin. Dukushin da ya tashi a hannun mutane kaɗai, yana kwana kusa da su, yana cizon rigarsu ana dariya, yakan girma bai san shi doki ba ne. Uwa ce ke koya masa iyaka: ta kwantar da kunnuwa, ta ɗan cije shi, ta juya masa baya. In bai samu wannan ba, abin da yake wasa yana da kilo 60 shi ne zai zama cizo da harbi yana da kilo 400, kuma irin wannan doki shi ne ya fi saurin komawa gwanjo. Ceton da ya ƙare a haka bai cika ceto ba.

Mafi alheri shi ne a samo goɗiyar da ɗanta ya mutu. Ana shafa wa marayan guminta ko kashinta don ƙamshinsu ya zo ɗaya, a riƙe ta a ragama a bar shi ya kama nono, a yi ta maimaitawa har ta yi masa ƙaramar haniniyar da uwa ke yi wa ɗanta. Likitoci suna kuma iya sa goɗiyar da ta taɓa haihuwa ta kawo nono da magani. In duk babu, ana haɗa shi da wasu marayu, ko da tsohon dandaƙaƙƙen doki mai haƙuri, ko ma akuya. Yakan fara lasar ciyawa tun yana da 'yan makonni, a yaye shi daga madara wajen wata uku zuwa huɗu.

Manyan dawakai da nauyin riƙe su

Babban dokin da aka kamo daga jeji bai san hannu ba, bai san turke ba. BLM tana sharɗanta shinge mai tsawon ƙafa shida ga wanda ba a horar ba, kuma ba a yarda da waya mai ƙaya. Sabon zuwa ana killace shi 'yan makonni, a gwada jininsa, a yi masa rigakafi, saboda ciwon maƙogwaro mai kumbura kaluluwa da ke yaɗuwa a sansanoni. Ana dandaƙe ingarmu, ko a yi wa goɗiyoyi allurar hana ɗaukar ciki ta PZP, wadda aka gwada a tsibirin Assateague da ke gabashin Amurka tun 1988 kuma ake iya harba ta daga nesa. Horarwa kan fara ne da zama kusa da dokin kawai, har ya daina kallon mutum a matsayin maharbi. Wasu gidajen yari, kamar na Carson City a Nevada da na Riverton a Wyoming, suna da shirin da fursunoni ke wannan horo kafin a ba da dawakin riƙo.

Daga cikin sanannun mafaka akwai Wild Horse Sanctuary da ke Shingletown a Kalifoniya, wadda ta faro a 1978. Black Hills Wild Horse Sanctuary da Dayton Hyde ya kafa a 1988 a Dakota ta Kudu kan fili mai eka 11,000. Da Return to Freedom a garin Lompoc na Kalifoniya, wadda ta yi fice wajen barin ingarma da goɗiyoyinsa su zauna tare yadda suke a jeji.

Dukkansu da gudummawar jama'a suke rayuwa, kuma abin da ke cinye kuɗin shi ne ciyawa. Doki na cin busasshiyar ciyawa kimanin kashi biyu cikin 100 na nauyinsa kullum, yana kuma iya kai shekara 25 zuwa 30. Wanda ya karɓi dukushi ya ɗauki alkawarin rubu'in ƙarni ke nan, ga gyaran kofato, ga haƙori, ga tsadar ciyawa a shekarar fari. Mafakar da ba ta iya cewa a'a, ita ce takan zama wurin da ake buƙatar ceto daga gare shi. A 2016 hukumomi sun karɓe dawakai sama da 800 daga wata mafaka a Dakota ta Kudu, inda aka bar su suna ta haihuwa har abinci ya gaza, wasu suka mutu da yunwa. Sai da wasu ƙungiyoyi suka shafe watanni suna raba su ga masu riƙo a jihohi daban-daban. Saboda irin wannan ne masu ba da taimako suke duba ko wuri ya samu tantancewar Global Federation of Animal Sanctuaries, ƙungiyar da aka kafa a 2007, wadda ke bincikar lissafin kuɗi, tsarin hana haihuwa, da tanadin wanda zai gaji aikin idan mai wurin ya rasu ko ya gaza.