Sinadaran wurin aiki da sankarar mama

Sankarar mama ita ce sankarar da ta fi kama mata a Najeriya da ma duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano ta a jikin mata kusan miliyan 2.3, ta kuma kashe kimanin 670,000. Cikin abubuwan da ake bincike a kansu akwai sinadaran da mace ke shaƙa ko taɓawa shekara da shekaru a wurin sana'arta.

Tarihi

Danganta cutar da yanayin rayuwa ya daɗe. A wajajen farkon ƙarni na 18, likitan Italiya Bernardino Ramazzini, wanda ake kira uban likitancin ma'aikata, ya lura tana yawaita a tsakanin matan coci da ba sa aure. Daga baya aka gane rashin haihuwa ne silar. A 1775 likita Percivall Pott ya nuna a Ingila cewa baƙin hayaƙi na jawo wa masu share bututun hayaƙi sankara. Amma galibin binciken da ya biyo baya a kan maza aka yi shi, aka bar mata a baya, kuma wannan sakaci ne da har yau ake biyan kuɗinsa.

Cibiyar binciken sankara ta IARC, da aka kafa a Lyon ta Faransa a 1965, ta sanya iskar etilin oksaid, wadda ake tsabtace kayan asibiti da ita, cikin masu jawo sankara, da wata 'yar shaida cewa tana jawo ta mama. A 2015 ta ce mai yiwuwa maganin ƙwari na DDT na jawo sankara. Wani bincike a Ontario ta Kanada a 2012, kan mata 1,005 masu cutar, ya nuna shekara 10 a aikin da sinadarai suka yi yawa na ƙara haɗarin da kusan kashi 42 cikin 100, musamman a masana'antun roba na sassan mota da na abincin gwangwani.

Yadda abin ke faruwa

Wasu sinadaran na lalata ƙwayoyin halitta kai tsaye. Wasu, irin su BPA na cikin roba, suna kwaikwayon estrojin, sinadarin da ke sa naman mama girma. Da yawansu na taruwa a kitse, kuma cutar kan ɗauki shekaru kafin ta bayyana.

A Sakkwato

Yawancin matan Sakkwato ba a masana'anta suke aiki ba. Suna fadamun Goronyo da Wurno wajen dashe da cirar albasa bayan feshi, ko a gida suna wanke rigar mai feshi da hannu ba safa. Wata kan zuba piya-piya a buhun wake, ta ajiye ragowar a kwalba kusa da murhu. Mai shagon gyaran gashi kuwa tana wuni tana shafa man sassauta gashi da rini a ɗaki mai taga ɗaya. Ba kasafai a asibiti ake tambayar mace irin sana'arta ba, ga shi da yawa ba sa isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sai ƙullutun ya girma ko ya fashe.

Saɓani

Masana sun rabu kan yawan kason da sinadarai ke da shi wajen jawo cutar idan aka kwatanta da shekaru, gado da ƙiba.