Waiwaye: watandar jirgin sama da matuƙan da ke ɗauke da ita

Duk wanda ya taɓa shiga watanda ya san yadda take, mutum goma ko sha biyar ku haɗa kuɗi a sayi sa guda a kasa nama kowa ya ɗauki kasonsa daidai abin da ya zuba. Toh a Amurka haka ake yi da ƙananan jiragen alfarma irin na attajirai, sai dai su awannin tashin jirgin ake kasawa. Ana lissafin jirgi ɗaya zai yi awa 800 a sama cikin shekara, wanda ya sayi kaso ɗaya cikin 16 yana da awa 50 kenan, mai kwata kuma 200. Bayan kuɗin sayen kason akwai kuɗin kula da jirgi duk wata, akwai kuma kuɗin duk awar da ya zauna a ciki. Shi kuma kamfani ya ɗaukar masa alkawari, ka bugo waya kawai, cikin 'yan awanni da wani lokacin ba su kai 10 ba zaka tarar da jirgi irin naka ko wanda ya fi shi yana jiranka a filin da ka ce. Wannan alkawarin shi ne hajar gaba ɗaya, kuma wanda ke cika shi da jikinsa da barcinsa shi ne matuƙi.

Asalin abin daga garin Columbus ne na jihar Ohayo. A 1964 wasu tsofaffin hafsoshin sojan sama suka kafa kamfanin haya mai suna Executive Jet, suka fara da ƙananan jirage ƙirar Learjet, a cikin hafsoshin har da Paul Tibbets, wanda ya tuƙa jirgin da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, shi ya zama shugaban kamfanin a 1976. Lokacin haya ce zalla, ka biya a kai ka. Sai a 1984 wani masanin lissafi da ya yi aiki a bankin Goldman Sachs, Richard Santulli, ya sayi kamfanin. Abin da ya tarar mai daraja ashe ba jiragen ba ne, takardun tafiye-tafiye ne na shekara da shekaru da tsofaffin sojojin nan suka adana tsaf, wa ya tashi, daga ina zuwa ina, wace rana, awa nawa. Ya zauna ya buga lissafi ya gano in kamfani ya sayar da jirage kaso-kaso, sannan ya ajiye wasu 'yan kaɗan nashi na kansa don cike giɓi, zai iya yi wa kowa alkawarin jirgi ko da masu kaso biyu na jirgi ɗaya sun kira a rana guda. A 1986 ya fito da tsarin da suna NetJets, da jirage 8 ƙirar Cessna Citation. Har yau lambar da ke jikin jiragensu na Amurka tana ƙarewa ne da QS, wato taƙaicen "kason kwata" a Turance.

Da aka ga abin ya karɓu sai wasu suka shigo. Bombardier na Kanada ya kafa Flexjet a 1995, a shekarar PlaneSense ma ya fara da jirage masu farfela ƙirar Pilatus PC-12, Raytheon ya buɗe nasa a 1997, Kenn Ricci ya kafa Flight Options a Cleveland a 1998 yana kasa jiragen da aka riga aka yi amfani da su don su yi sauƙi, Cessna ma ta shigo da CitationShares a 2000. Attajirin Amurka Warren Buffett kuwa ya fara ne a matsayin mai kaso a 1995, abin ya burge shi, a 1998 kamfaninsa Berkshire Hathaway ya saye NetJets ɗungurungum kan dala miliyan 725. Reshen Turai tun 1996 ya buɗe, hedikwatarsa a Fotugal.

Yanzu a zo kan aikin kansa, sabida nan ne mutane ke kuskure, suna ɗauka ai wanda ke tuƙa masu kuɗi shi ma yana cikin daula. Matuƙin kamfanin fasinja irin su Delta ko United tun wata guda kafin nan ya san inda za shi, ya shigo ya juya hagu ya rufe ƙofar ɗakin tuƙi, kaya akwai masu lodi, shara akwai masu yi, fasinja akwai masu kula da su. Shi kuwa na watanda sanannen tsarinsu kwana 7 a aiki kwana 7 a gida, wasu kamfanonin 8 da 6, ranar farko ya tashi da asuba ya hau jirgin fasinja kamar kowa a kai shi garin da jirgin da zai tuƙa ya kwana, daga nan bai san inda zai kwana ba sai abin da waya ta ce. Da daddare ake turo masa jadawalin gobe, kafin ya gama karyawa an canza shi, yana sama ma a sake canzawa don wani mai kaso ya ɗaga tafiyarsa ko wani jirgi ya lalace a wani gari. A ƙanana da matsakaitan jirage babu ma'aikaciyar cikin jirgi, dan haka kyaftin da mataimakinsa su ne masu loda jakunkuna da sandunan golf, su karɓi abinci su jera, su tari fasinja su yi masa bayanin ƙofar gaggawa, in an sauka su share kujeru su kwashe shara su ga an gyara banɗaki, wani fasinjan ma da karnukansa yake tafe, sannan su tashi da jirgin ba kowa a ciki su je ɗauko na gaba. Sau uku sau huɗu har fiye a rana.

Ga kuma filayen. Kamfanonin fasinja filaye wajen 500 suke zuwa a Amurka, su waɗannan kuwa suna tallar cewa suna iya sauka a wajen 5,000, ma'ana kullum kana iya samun kanka a filin da baka taɓa gani ba, gajeren titi, ba hasumiyar da ke ba jirage umarni, ko tsakanin duwatsu kamar Aspen da ke sama da ƙafa 7,800, ko cunkoson Teterboro kusa da New York ranar jajibirin biki. Kuma in yanayi ya ɓaci kai ne zaka juya ka dubi mutumin da a takarda shi ne mai jirgin ka ce masa ba za mu sauka a nan ba. Gaskiya ni a ganina wannan ya fi komai nauyi a aikin, kuma ba a koyar da shi a na'urar gwaji.

Shekarun farko ko dokar kansu ba su da ita. Tunda masu kaso su ne masu jirgin a takarda, sai aka riƙa tafiyar da su ƙarƙashin dokar jiragen masu zaman kansu mai sassauci, kamfanonin haya suka yi ta ƙorafi cewa wannan ai haya ce aka sake wa suna. Sai a 2003 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fito da sashe na musamman da ake kira 91K, wanda ya ce matuƙa biyu kada aikinsu na yau da kullum ya wuce awa 14, tuƙi kada ya wuce awa 10, kuma a ba su hutun awa 10 kafin su koma, kyaftin ya zama yana da aƙalla awa 1,500 na gogewa. Kaga awa 10 ɗin nan a ciki ne zaka je otal ka ci abinci ka yi wanka ka yi barci ka dawo, in aka jera maka haka kwana 7 jikinka zai gaya maka.

Albashi kuwa a farkon shekarun 2000 abin tausayi ne, sabon mataimakin matuƙi a babban kamfanin NetJets ma bai kai dala dubu 30 a shekara ba, alhali jirgin da yake tuƙawa na miliyoyi ne. Mutane na zuwa ne su tara awanni su wuce. Sai harin 11 ga Satumba 2001 ya juya lissafin, kamfanonin fasinja suka tura dubban matuƙa gida, su kuma masu kuɗi suka ƙara gudun layin bincike a filayen jirgi, watanda ta samu kasuwa ta kwashi gogaggun matuƙa da araha. Amma waɗannan mutanen sun zo ne daga inda aka san ƙungiyar ƙwadago, ba su zo su yi shiru ba. Matuƙan NetJets lokacin suna ƙarƙashin Teamsters, ƙungiyar da aka fi saninta da direbobin manyan motoci, aka kwashe shekaru ana jan tattaunawa, a 2004 suka yi watsi da tayin da aka kawo musu da gagarumin rinjaye, sai a 2005 aka cimma yarjejeniyar da ta ɗaga albashi sosai. A 2007 aka ƙara gyara ta, aka buɗe musu garuruwa kusan 100 da mutum zai zauna da iyalinsa ya riƙa fara aiki daga can, wanda wallahi ga mai iyali ya kusa fin ƙarin albashin muhimmanci, domin ba sai ka tashi yaranka daga makaranta ka koma garin da kamfani ya zaɓa ba. A 2008 suka fice daga Teamsters suka kafa tasu ta kansu, NJASAP.

Wani zai ce me ya hana su yajin aiki kawai. Doka ce. Ma'aikatan jiragen sama a Amurka suna ƙarƙashin dokar ma'aikatan jirgin ƙasa ta 1926 da aka faɗaɗa ta shafe su a 1936, a tsarinta yarjejeniya ba ta mutuwa, lokacin gyara ta ne kawai ke yi, kuma ba ku da ikon ajiye aiki sai hukumar sasantawa ta tarayya ta sake ku an kuma jira kwana 30, abin da kan ɗauki shekaru in ma ya yiwu. Shi ya sa zaka ga matuƙa sanye da inifom sun jeru shiru da kwalaye a hannu a Omaha ranar taron masu hannun jarin Berkshire, a gaban dubban mutanen da suka zo ganin Buffett, makamin da ya rage musu kenan.

Daɗin bai daɗe ba. Tattalin arziki ya karye a 2008, masu kaso suka yi ta mayar da kasonsu, jirgin alfarma ya zama abin kunya musamman bayan shugabannin kamfanonin motoci na Detroit sun je Washington neman tallafin gwamnati kowa a jirginsa. A 2009 NetJets ya yi asarar dala miliyan 711, Buffett da kansa ya rubuta wa masu hannun jari cewa bashin kamfanin ya kai biliyan 1.9 kuma ba don Berkshire ta tsaya masa ba da ya rufe. Santulli ya sauka a watan Agusta, David Sokol ya karɓa, a watan Nuwamba aka sanar da tura matuƙa 495 gida, an kwashe shekaru kafin a gama kiransu. Su ma da sauƙi, don Avantair na Florida a 2013 ya durƙushe gaba ɗaya, CitationAir ma, wato tsohon CitationShares, ya daina tashi a 2014. A aikin jirgi komai da lambar shigarka yake tafiya, ranar da aka ɗauke ka ita ke yanke yaushe zaka zama kyaftin, wane jirgi, wane hutu, in kamfaninka ya mutu ko kana da shekara 15 a ciki to a sabon wuri daga ƙasan layi zaka fara. Wannan ne ya sa mutum ke daurewa a inda yake ko ransa ba ya so.

Ba duka matuƙan ne suka bi hanya ɗaya ba. Bayan kamfanin Ricci ya sayi Flexjet daga Bombardier a 2013 aka haɗa shi da Flight Options, matuƙan suka zaɓi Teamsters a ƙarshen 2015, amma a 2018 suka sake kaɗa ƙuri'a suka fitar da ƙungiyar, har yau manyan kamfanonin biyu, NetJets da Flexjet, ɗaya da ƙungiya ɗaya babu, kuma kowane ɓangare yana ganin shi ne a kan daidai.

Sai korona. Wanda ke da hali duk ya guji jirgin fasinja, buƙata ta yi yawan da a 2021 NetJets ya dakatar da sayar da katin awanni, wato wanda mutum ke sayen awannin tafiya kawai ba tare da kaso a jirgi ba, don jirage da matuƙa ba su isa ba, kwanakin aiki suka ƙara tsawo. A daidai lokacin kamfanonin fasinja da suka sallami tsofaffi da yawa suka dawo suna ɗiba ba ƙaƙƙautawa, a Maris 2023 matuƙan Delta suka samu ƙarin kashi 34 cikin ɗari, American da United suka biyo baya, sai matuƙan watanda har da kyaftin-kyaftin suka fara ajiye lambarsu suna tafiya, abin da a da ba a saba gani ba. NJASAP ta koma Omaha da kwalaye, aka yi ta musayar zafafan kalamai har da zuwa kotu, a Afrilu 2024 suka amince da yarjejeniyar da ta ƙara albashi sama da kashi 50 cikin ɗari a tsawon shekarunta, darajarta ta haura dala biliyan 1.6. Wanda ya san abin da ake biya kafin 2005 ya san an yi tafiya mai nisa, amma a lura da lokacin da kuɗin ya zo, sai da matuƙan suka samu wata ƙofar fita tukuna.

Akwai kuma maganar shekaru da ta zo a tsakiyar wannan. A da matuƙin fasinja dole ya yi ritaya a shekara 60, aka mayar da shi 65 a ƙarshen 2007, su kuwa na 91K a lokacin ba su da iyaka muddin likita ya ba su takarda, shi ya sa dattawa da yawa da suka gama da manyan jirage ke komawa watanda, wasu don son tuƙi, wasu don fanshonsu ya narke lokacin da kamfanoninsu suka yi fatara bayan 2001. A ƙarshen 2022 majalisar Amurka ta ba manyan kamfanonin damar sa iyakar shekara 70, NetJets ya fara aiki da ita a Janairu 2024, dattawan da suka kai aka sallame su, wasu daga cikinsu suka garzaya kotu.