Lambobin ISO na Italiyanci da yaren Basque

Lambar yare wasu 'yan haruffa ne, biyu ko uku, da ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, ta ware wa harsuna a tsarin ISO 639, saboda kwamfuta da laburare da shafukan intanet su gane yaren da ake nufi ba sai an rubuta sunansa duka ba. Tsarin kashi-kashi ne, kashi na 1 na lambobi masu harafi biyu, na 2 da na 3 kuma na masu harafi uku. Ta Hausa ha ce da hau, shi yasa adireshin Wikipedia ta Hausa ya fara da ha.

Italiyanci dai bai da wata rigima. Lambarsa mai harafi biyu it ce, mai uku kuma ita, a kashi na 2 na tsarin da ya fito a 1998 da kashi na 3 na 2007 duk iri ɗaya. In ana so a bambanta na Italiya da wanda ake yi a yankin Ticino na Suwizalan sai a haɗa da lambar ƙasa, it-IT da it-CH. Yaren Sicily da na Napoli kuwa ba a cusa su cikin ita ba, kowanne da tasa, scn da nap.

Basque ne mai dogon labari. Yare ne na arewacin Sifaniya da kudu maso yammacin Faransa wanda har yau masana ba su samo masa dangi a cikin harsunan duniya ba, masu shi kuma ba Basque suke ce masa ba, Euskara suke cewa, to daga nan lambarsa mai harafi biyu ta fito, eu. Da aka zo kashi na 2 sai ya tashi da lamba biyu, baq da eus. Ita baq daga sunan da Turawan Ingila ke kiransa aka ciro ta, kuma laburare sun daɗe suna aiki da ita a katalog ɗinsu na MARC, wato tsarin ajiye bayanan littattafai a kwamfuta wanda Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ke kula da shi, to ka ga sauya miliyoyin bayanai ba ƙaramin aiki ba ne, sai aka bar musu kayarsu aka ƙara eus daga sunan asali. Yaruka 20 ne ke da irin wannan tagwayen lamba, har da Jamusanci mai ger da deu, da Faransanci mai fre da fra. Kashi na 3 da ƙungiyar binciken harsuna ta SIL ke riƙe da rajistarsa eus kawai ya ɗauka.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne adireshin intanet. Ita it ta yi sa'a, lambar yaren da ta ƙasar Italiya sun zo ɗaya, amma .eu ta Tarayyar Turai ce babu ruwanta da Euskara, dole 'yan Basque suka nemi tasu daban wurin ICANN, hukumar da ke kula da adiresoshin intanet, aka ba su .eus, ta fara aiki a 2014.