Yadda Daulolin Qin da Han Suka Riƙe Larduna da Iyakokin Ƙasar Sin

Daga ina tsarin larduna ya samo asali?

A shekarar 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Qin Shi Huang, sarkin Qin, ya haɗe ƙasashen Sin ƙarƙashin mulki ɗaya, wasu fadawa sun ba shi shawarar ya raba yankuna masu nisa ga 'ya'yansa. Li Si, ɗaya daga cikin manyan jami'an fada, ya ƙi wannan shawara, yana mai tunatar da sarki cewa irin wannan rabo ne ya jefa daular Zhou, wadda ta gabaci Qin, cikin yaƙin 'yan uwa. Sarki ya bi ra'ayinsa, aka kasa ƙasar zuwa larduna 36, kowanne da gundumomi a ƙarƙashinsa. Duk shekarun da za a ambata nan gaba na kafin haihuwar Annabi Isa ne, sai inda aka ce miladiyya.

Su wa ke riƙe da lardi?

Mutum uku ne: gwamna mai kula da haraji da shari'a, kwamandan soja, da mai sa ido wanda ke kai rahoto fada. Fada ce ke naɗa su, ita ce kuma ke tuɓe su, ba wanda ke gadon kujerar mahaifinsa, kuma ana auna matsayin ma'aikaci da yawan hatsin albashinsa. A ganina nan ne hikimar tsarin take, domin an raba iko yadda babu wanda zai tara kuɗi da sojoji a hannunsa shi kaɗai.

Daular Han ta ci gaba da wannan tsari?

Da farko rabi da rabi ta yi. Liu Bang, wanda ya kafa daular Han bayan faɗuwar Qin, ya riƙe larduna a yamma, ya ba danginsa masarautu a gabas, abin da ya haifar da tawayen masarautu bakwai a 154. A 127 Sarki Wu ya umarci a riƙa raba kowace masarauta tsakanin 'ya'yan mai ita, har suka ƙanƙance. A 106 kuma ya naɗa sufetoci 13, waɗanda albashinsu bai kai sulusin na gwamnonin da suke bincika ba.

Yaya aka yi da iyakoki?

Nan ne tsarin ya fi shan gwaji. A arewa makiyayan Xiongnu sun yi wa Liu Bang ƙawanya a Baideng a shekarar 200, bayan haka Han ta shafe shekaru tana sayen zaman lafiya da siliki da hatsi da auren 'ya'yan gidan sarauta. Sai bayan nasarar Huo Qubing, kwamandan sojan Han, a kan Xiongnu a 121 aka buɗe zirin Hexi, wato siririn yankin da ya miƙa arewa maso yamma, inda daga baya aka kafa lardunan Wuwei, Zhangye, Jiuquan da Dunhuang. Tun da jigilar abinci daga tsakiyar ƙasa tana cin dukiya mai yawa, sai aka kafa gonakin soja, aka kuma kwaso talakawa da fursunoni aka zaunar da su a can. Ƙabilun da suka miƙa wuya an bar su da al'adunsu ƙarƙashin kulawar jami'in Han, wato daula ta gane cewa ba a mulkin makiyayi da littafin harajin manomi. A kudu an ci masarautar Nanyue a 111, a Koriya an kafa lardin Lelang a 108, sannan a 60 aka naɗa Zheng Ji mai kula da ƙananan ƙasashen da ke yamma da Hexi, waɗanda suka ci gaba da zama da sarakunansu.

Ta yaya aka san rayuwar masu gadin iyaka?

A 1930 miladiyya an tono sillayen itace kusan 10,000 masu rubutu a yankin Juyan, kan iyakar arewa maso yamma ta daular Han. Suna ɗauke da lissafin hatsin kowane soja, ƙidayar kibau da bakuna, lokacin isowar wasiƙu, da ƙa'idar kunna wuta ko tayar da hayaƙi a hasumiya idan an hango maƙiyi. Har yashin da ake sharewa a gaban ganuwa domin a ga sawun wanda ya ƙetare da dare, sai an duba shi an rubuta abin da aka gani.