Yadda ƙungiyoyin ta'addanci ke ƙarewa

Ta'addanci shi ne a kai wa fararen hula hari da gangan, ko a yi barazanar kai musu, don a tsorata jama'a a tilasta wa gwamnati ko wata al'umma ta yi wani abu na siyasa ko na aƙida. Har yau Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da ma'ana guda da duk ƙasashe suka yarda da ita, don wanda wata ƙasa ke kira ɗan ta'adda wata kuma ɗan gwagwarmaya take ce masa, Nelson Mandela ma sai a 2008 Amurka ta cire sunansa daga jerin waɗanda take sa wa ido. Game da ko za a iya kawo ƙarshen abin, masu nazari sukan raba tambayar gida biyu. Ƙungiya dai tana mutuwa, an ga haka sau da yawa. Amma ita dabarar, wato dasa bam a kasuwa ko sace ɗalibai, ba ta da tsada kuma kowa zai iya ɗauka, shi ya sa babu wanda ya taɓa share ta daga doron ƙasa.

A 2008 cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta duba ƙungiyoyi 648 da suka yi aiki tsakanin 1968 da 2006. Cikin waɗanda suka ƙare, kashi 43 cikin ɗari sulhu suka yi suka shiga siyasa, kashi 40 'yan sanda da jami'an leƙen asiri ne suka wargaza su, kashi 10 sun samu abin da suke nema, waɗanda ƙarfin soja ya gama da su kuwa kashi 7 ne kacal. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya fi ba mutane mamaki, musamman a ƙasashen da kullum kasafin kuɗin tsaro jirage da tankoki yake tafiya.

Sulhu da shiga siyasa

Misalin da aka fi kawowa shi ne Ireland ta Arewa, inda ƙungiyar IRA ta yi shekara kusan 30 tana yaƙi don a fita daga ƙarƙashin Birtaniya, rikicin ya ci rayuka wajen 3,500. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a watan Afrilun 1998, aka saki fursunoni, aka yi wa rundunar 'yan sanda garambawul, aka raba mulki tsakanin ɓangarorin. Sai dai ba a nan take komai ya lafa ba, wata huɗu bayan nan wasu da suka ɓalle suka tada bam a garin Omagh ya kashe mutum 29, ita IRA ɗin kanta sai a 2005 ta sanar da ajiye makamai. A 2007 Martin McGuinness, tsohon kwamanda a ƙungiyar, ya zama mataimakin shugaban gwamnatin yankin kusa da Ian Paisley wanda ya yi shekaru yana la'antar su. Iyalan da aka kashe wa 'yan'uwa da yawansu ba su ji daɗin ganin haka ba, kuma wannan ita ce tsadar sulhu a ko'ina, wanda ya yi kisa yakan fita da ƙafarsa. Kolombiya ma haka, gwamnati ta yi yarjejeniya da ƙungiyar 'yan tawaye ta FARC a 2016, aka kai ta ga ƙuri'ar raba gardama jama'a suka ƙi da ɗan ƙaramin rinjaye, sai da aka gyara majalisa ta amince, kuma har yanzu akwai ɓangarorin da suka ƙi ajiye bindiga saboda kuɗin hodar iblis.

Sulhu ya fi yiwuwa idan abin da ƙungiya ke nema yana da iyaka, kamar yanki ko kujeru ko filaye. Wanda ya ce sai ya rushe ƙasa gaba ɗaya ya kafa sabuwa, to me za a ba shi a teburin tattaunawa?

Aikin 'yan sanda da leƙen asiri

A Peru ƙungiyar 'yan gurguzu ta Sendero Luminoso ta addabi ƙasar tun 1980, hukumar binciken gaskiya ta ƙiyasta mutum kusan 69,000 sun mutu a rikicin, har da waɗanda sojoji suka kashe. Abin da ya karya ta wata 'yar ƙaramar tawagar 'yan sandan ciki ce da ta zauna tana lura da wani gida a birnin Lima inda wata mai koyar da rawa take zaune, suka riƙa bincika bolar gidan suka ga sharar ta fi ƙarfin masu gidan, ga kuma kwalayen maganin wata cutar fata da aka san shugaban ƙungiyar Abimael Guzman yana fama da ita. A Satumbar 1992 suka shiga suka kama shi ba tare da wani artabu ba. Da yake shi ne komai na ƙungiyar, mabiyansa na ganinsa a keji sanye da rigar fursuna sai gwiwa ta yi sanyi.

Ƙungiyar 'yan aware ta ETA ta yankin Basque a Sifaniya kuwa a hankali ta zube. Faransa ta daina barin 'ya'yanta su ɓuya a ƙasarta, kame ya yi yawa, sannan a 1997 da suka sace wani matashin kansila Miguel Angel Blanco suka kashe shi, miliyoyin mutane suka fito kan titi, har da mutanen yankin da ETA ke cewa dominsu take yi. Ta daina kai hari a 2011, ta rushe kanta a 2018, bayan ta kashe mutum sama da 800.

Ƙarfin soja

Siri Lanka ce ake nunawa idan ana so a ce soja na iyawa. A watan Mayun 2009 sojojin ƙasar suka murƙushe 'yan tawayen Tamil Tigers suka kashe shugabansu Prabhakaran bayan yaƙin shekara 26, amma wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mai yiwuwa fararen hula har 40,000 sun mutu a watannin ƙarshe, kuma tsibiri ne, babu iyakar da za a tsallaka a gudu. Shekara goma bayan nan wata ƙungiya dabam mai alaƙa da IS ta kai hari coci-coci da otal-otal ranar Ista ta kashe sama da 250.

Aljeriya ta haɗa ƙarfi da afuwa a yaƙin basasarta da ƙungiyoyi masu iƙirarin jihadi, Shugaba Bouteflika ya kawo dokar sasantawa a 1999 dubban mayaƙa suka sauko daga duwatsu. Cikin ragowar da suka ƙi, 'yan ƙungiyar GSPC suka koma Al-Qaeda a yankin Magrib a 2007, suka gangara sahara, kuma daga cikinsu aka samu jijiyar ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Al-Qaeda da aka kafa a 2017, wadda yanzu ke damun Mali da Burkina Faso da yammacin Nijar. Wato wutar an kashe ta a gida ta kama a maƙwabta.

Tafkin Chadi

A arewacin Najeriya an taɓa ganin ƙungiya ta ƙare. An kashe Muhammadu Marwa Maitatsine a Kano a Disambar 1980 a tarzomar da ta ci mutum sama da 4,000, almajiransa suka sake tashi a Bulunkutu a 1982 da Jimeta a 1984 da Gombe a 1985, daga nan suka mutu murus. Wataƙila wannan ne ya sa hukumomi suka ɗauka an gama da Boko Haram da aka kashe Mohammed Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri ƙarshen Yulin 2009. A Satumbar 2010 suka dawo suka fasa gidan yarin Bauchi, ƙarƙashin Abubakar Shekau, kuma kisan Yusuf ba tare da shari'a ba ya zame musu abin wa'azi. Wani binciken 2017 na UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ya tattauna da tsofaffin mayaƙa a Afirka ya gano kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani aikin jami'an gwamnati ne, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki.

Abin da ya kori 'yan Boko Haram daga cikin Maiduguri a 2013 kuwa 'yan gari ne, matasan da ake ce wa 'yan kato da gora, waɗanda suka san ɗan unguwa da baƙo, suna tsayawa a shingen bincike da sanduna da adduna suna nuna wa soja wane ne wane. A Disambar 2015 Shugaba Buhari ya ce kusan an ci galaba a kansu, a 2016 ƙungiyar ta rabe, ISWAP, ɓangaren da ke biyayya ga IS, ta fita, a Mayun 2021 Shekau ya mutu a dajin Sambisa a faɗa da ISWAP ɗin, ba a hannun soja ba. Bayan mutuwarsa dubun dubatar mutane suka miƙa wuya ga gwamnatin Borno, akasarinsu mata da yara da manoman da aka tilasta wa zama a daji. Mayaƙan da aka tantance wasu ana kai su sansanin Malam Sidi a jihar Gombe ƙarƙashin shirin Operation Safe Corridor da aka fara a 2016, a yi musu wa'azi a koya musu ɗinki ko walda ko aski a sallame su da ɗan jari. Mutane da yawa a Borno suna ƙorafi, su suna sansanin gudun hijira ba su da ko gona, tubabbu kuma an ba su keken ɗinki. ISWAP kuwa tana nan a tsibiran tafkin tana karɓar haraji daga masunta da makiyaya, kuma a 2025 ta kai hare-hare kan sansanonin soja da dama a Borno.