Waiwaye: Jade Goody, wadda Ingila ta zaga sannan ta dawo tana yi mata kuka

Duk lokacin da aka taso da maganar allurar rigakafin kansar bakin mahaifa sai Jade Goody, wata tauraruwar talabijin ta Ingila, ta faɗo min a rai, duk da na san da yawa a nan ba su taɓa jin sunanta ba. Shekara 27 kacal ta yi a duniya.

A Bermondsey aka haife ta a 1981, wata unguwar talakawa a kudancin Landan, kuma gaskiya ba ta taso da daɗi ba. Babanta ɗan ƙwaya ne, ƙwayar ce ma ta yi ajalinsa a 2005, mamanta kuma haɗarin babur ya kashe mata hannu ɗaya, don haka tun tana 'yar ƙarama ita ke kula da uwar, makaranta sai abin da hali ya yi. Tana aiki a asibitin haƙori ta shiga shirin Big Brother na Ingila a 2002, irin dai wannan da ake yi a Najeriya yanzu, a tara mutane a gida ɗaya kyamara na kansu dare da rana. Nan fa jaridu suka sa ta a gaba. Ta ɗauka East Anglia wata ƙasa ce ta waje alhali yanki ne a cikin Ingila, shi ke nan aka mayar da ita abin dariya, har da alade aka kira ta. Amma ta zo ta huɗu, ta fito ta yi suna ta yi kuɗi, har turare aka yi da sunanta, ta haifi 'ya'ya maza biyu.

Sai 2007. Ta koma gidan a zagayen fitattun mutane, a ciki akwai Shilpa Shetty, wadda mu da muka tashi da finafinan Indiya ba sai an gabatar mana da ita ba. Abin da Jade da wasu ƙawayenta biyu suka yi wa Shilpa cin mutunci ne, wariya ce ƙarara, ba zan wanke ta ba ko kaɗan. Ƙorafi sama da dubu 40 aka kai wa Ofcom, hukumar da ke sa ido kan kafofin watsa labarai a Birtaniya, a Indiya aka yi zanga-zanga, Gordon Brown, ministan kuɗin Birtaniya na wancan zamanin, da ke ziyara a can lokacin sai da aka tare shi da tambayar. Masu kallo suka kore ta da kashi 82 na ƙuri'u, Shilpa ta cinye gasar. Jade ta nemi gafara, ta je Indiya da ƙafarta.

A watan Agustan 2008 ta shiga Bigg Boss, wato Big Brother na Indiya, Shilpa ce ma ke gabatar da shirin. Kwana biyu da shigarta aka kira ta ɗakin da 'yan takara ke shiga su yi magana su kaɗai, aka haɗa ta da waya, aka ce sakamakon gwajinta ya fito, kansar bakin mahaifa ce. Tana zaune kan kujera tana kuka kyamara na ɗauka, wallahi duk wanda ya ga wannan wurin jikinsa sai ya yi sanyi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ita da bakinta ta ce an taɓa aiko mata da takarda daga asibiti cewa an ga abin da ba a gamsu da shi ba ta dawo, amma tsoro ya hana ta komawa. Wannan maganar ta yi ta maimaita wa mata, ku je a duba ku, kada ku yi abin da na yi. Ta bar kyamara ta bi ta asibiti, gashinta ya zube ba ta ɓoye kan ba. Wasu suka ce ai neman kuɗi ne, ta ce eh, yarana nake tara wa don su yi karatun da ban samu ba. A Fabrairun 2009 likitoci suka ce cutar ta bazu babu sauran magani, ta yi aure a cikin watan, ranar 22 ga Maris ta cika a gidanta da ke Essex, ranar da ake bikin iyaye mata a Birtaniya.

A tsakanin rashin lafiyarta da rasuwarta da 'yan watannin bayanta, mata kusan dubu 400 ne suka ƙaru a masu zuwa gwajin kansar bakin mahaifa a Ingila, da yawansu matasa ne 'yan unguwanni irin tata waɗanda da can kiran asibiti ba ya kai su. An yi ta fafutukar a rage shekarun fara gwajin daga 25 zuwa 20, gwamnati ta sa masana suka duba suka bar shi a 25. Toh amma abin bai ɗore ba, kafin a cika shekara goma da rasuwarta yawan masu zuwa ya sauka ƙasa da yadda yake kafin ta kwanta ciwo.

A Najeriya wannan cutar ita ce ta biyu a kansar da ke kama mata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 kaɗai mata kusan dubu 12 suka kamu, kusan dubu 8 suka rasu. Sai a Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa kansar, kyauta, allura ɗaya ce tak, Birtaniya kuwa ta fara tata tun Satumban 2008, wata ɗaya bayan wannan kiran wayar da aka yi wa Jade.